Tunawa da hatsarin jirgin ƙasa na Langalanga

Ranar 16 ga watan Fabrairu na shekarar 1970, a daidai lokacin sallar layya, wani jirgin ƙasa maƙil da matafiya ya goce daga kan dogo a Langalanga, wani ƙauye da ke kan hanyar Lafiya zuwa Kafanchan, cikin ƙasar Nijeriya. Taragai suka kife, suka gangara cikin kwazazzabo da mutanen da ke ciki. Adadin da aka fi ambata shi ne mutum 81 suka rasu, amma waɗansu rahotanni na lokacin sun kai lissafin wajen 150. A wannan zamani wurin yana cikin jahar Binuwai da Filato ne. Yau yana cikin jahar Nasarawa.

Abin da ya ƙara wa al'amarin ɗaci shi ne ranar da ya faru. Yaƙin basasar Nijeriya ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970, watau wata ɗaya tak kafin hatsarin. Wannan ita ce sallar layya ta farko da jama'a suka samu cikin kwanciyar hankali bayan wata talatin ana ɓarin wuta. Kowa ya ɗaura kayansa, yana ɗokin ya iske gida. Dogon kuwa ya ratsa ƙasashen Tibi da Eggon da Mada da kudancin Zariya, inda musulmi da kirista, ƴan Katolika da mabiya sauran majami'u, suke cin kasuwa ɗaya, suna hawa jirgi ɗaya. Tarago bai tambayar addinin kowa. Budurwa mai komawa wajen iyayenta, da falke, da almajiri, da uwa mai goyo, duk benci ɗaya suke zaune.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan mutumin Dakusa ko na Mirya da jirgin da ya faɗi a can ƙasar kudu, alhali Damagaram ba ta taɓa ganin dogo ba? Ruwansa na da yawa. Tun da jirgi ya iso Kano a 1911, ya kuma kai Nguru a 1930, arzikin ƙasar Damagaram ya rataya a kansa. Gujiyar da manoma suka noma a Magarya da Matamai, motoci ke ɗaukar ta zuwa Kano, jirgi ya kai ta bakin teku a Ikko. Ko bayan da aka kafa kamfanin SONARA a 1962, wannan hanya ce gujiyar gabashin Nijar ta fi bi. Fataken goro da ƴan cin rani su ma haka: in kaka ta wuce sai a bi ta Daura a shiga Kano, a yanki tikiti, a nufi Kaduna da Jos da Makurɗi. Saboda haka jirgin Nijeriya, a aikace, jirgin Damagarawa ne, ko da yake ba su da ta cewa a kan yadda ake kula da shi.

Dogon da Turawan Ingila suka shimfiɗa siriri ne, faɗinsa mita 1 da milimita 67 kawai. An yi shi ne domin kwasar gujiya da kuza da gawayin Inugu cikin araha, shi ya sa ya cika kwana-kwana, yana kewaya tsauni maimakon ya huda shi. Reshen gabas, wanda ya taso daga Fatakwal, ya haɗu da na Kaduna a 1927, gadar Makurɗi kuma aka buɗe ta a 1932. Irin wannan hanya ba ta yafe ganganci. Jirgi mai nauyi in ya kama gangare, rayukan dukan matafiya na hannun birki. In birki ya yi sanyi, gudu ya ƙaru, to da an iso kwana ƙafafun ƙarfe sai su haye dogo su fita. Ga kuma yaƙi, wanda ya datse reshen gabas biyu, ya gajiyar da injuna da taragai, ya bar hukumar jiragen ƙasa cikin ƙarancin kayan gyara. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta naɗa kwamitin bincike a kan hatsarin. Amma bincike, komai kyansa, bayan jana'iza yake zuwa.

Yau shekara fiye da hamsin ke nan. Manyan mutane in sun rasu akan rubuta sunayensu a jarida, a sa wa titi. Talakan da ya mutu a tarago kuwa adadi ne kawai yake zama, 81 ko 150. Danginsa ne ke riƙe da sunansa: musulmi a cikin addu'a da sadaka, ƴan Katolika kuma a ranar 2 ga Nuwamba, wadda suka keɓe kowace shekara domin tunawa da mamatansu.

Wannan labari ya kamata hukumomin ƙasarmu su riƙe shi, domin dogo na tafe. An riga an shimfiɗa na Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, aka yi bikinsa a 2016, sai dai bai shiga aikin jigila ba. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka aza harsashin hanyar Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda za ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aikin. Wannan sabon dogo ya fi na da faɗi, mita 1 da milimita 435. Tashar Daura kuwa ba ta da nisa da iyakar Damagaram, kuma mutanen Matamai da Kance da Dakusa na cikin waɗanda za su fara yankan tikiti a can.