Datse Zogale a Garkar Bahaushe: Misali daga Kausani

A garuruwan ƙasar Kano irin su Kausani ta Ƙaramar Hukumar Wudil, garka, wato 'yar gonar da ake kewayewa da shinge kusa da gida, takan cika da kuɓewa da rama da yakuwa a lokacin marka, cikin watan Agusta. A nan ne kulawa da zogale ke da muhimmanci. Idan aka bar shi, yakan miƙe siriri, ganyensa ya fi ƙarfin hannu. Saboda haka ake datse kansa daidai ƙirjin mutum domin ya yi rassa, sannan a dasa rassan da aka sare a jikin shinge, inda ruwa ba ya kwanciya, gudun ruɓewar saiwa.

Wannan dabara ta yi kama da bonsai na Japan, inda ake rage saiwa da rassa don itace ya ƙanƙance cikin kasko. Sai dai manufar ta bambanta: can ado ake nema, nan kuwa abinci. Ganyen da aka shanya a inuwa kafin kaka ta wuce, shi ke riƙe tukunyar gida har tsakiyar rani.