Kiwon Doki a Ƙasar Hausa: Ci, Turke da Sirdi

Doki dabba ne mai ƙarfin jiki amma mai raunin ciki, kuma mafi yawan ɗawainiyar kiwonsa daga nan take tasowa. A ƙasar Hausa jama'a sun fi ganinsa ranar hawa, ya sha jalala da kayan ado, a hawan Daushe na Kano ko hawan Bariki na Katsina da Zazzau, ko a ƙofar fadar Damagaram. Hawan Kano ma ya shiga jerin al'adun duniya da hukumar UNESCO ta amince da su a shekarar 2024. Sai dai kwanakin hawa 'yan kaɗan ne a shekara. Sauran kwanakin duka doki yana barga ko a turke, kuma abin da aka yi masa a can shi ke nuna yadda zai fito fage. Sarakuna sun daɗe da sanin haka, shi ya sa aka ware sarautar Shamaki don kula da barga, da 'yan barga masu yankan ciyawa da shara da ba da ruwa.

Yawancin dawakin da ake gani a Arewa da kudancin Nijar 'yan ƙasa ne, masu jinin dawakin Arewacin Afirka da na Dongola ta Sudan. Ba su cika girma ba, nauyinsu yakan kama daga kilo 300 zuwa 400, amma suna jure zafi da ƙarancin abinci fiye da manyan dawakin da ake shigowa da su daga Ajantina don wasan folo. Masu saye a kasuwanni irin ta Maigatari sukan fara duba launi, ko akawal ne ko kili ko hurde ko gunya. Launi ado ne kawai. Abin da ya fi cancanta a duba shi ne ƙafafu da kofato da haƙora da numfashi.

Abinci da ciki

Tumbin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinsa, lita 8 zuwa 15 kawai yake ɗauka. Ba ya tuƙa irin ta saniya, kuma ba ya iya amai, don haka duk abin da ya haɗiya sai ya bi ta hanji. Dokin da aka sake a makiyaya yakan yi awa 14 zuwa 16 yana kiwo a yini, yana ci kaɗan-kaɗan yana tafiya. An halicci cikinsa don ciyawa ta riƙa ratsa shi ba yankewa, kuma a can ƙarshen hanji ne ƙananan halittu suke narkar da ita.

Saboda haka ciyawa ce tushen abincinsa, hatsi ƙari ne. Ƙa'idar da likitocin dabbobi suke bi ita ce a ba doki busasshiyar ciyawa ko harawa da ta kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa kowace rana. Dokin da ya kai kilo 350 yana buƙatar kilo 5 zuwa 7 ke nan. Da damina ana yanko masa harkiya da kyasuwa da ƙiri-ƙiri, da rani kuma sai harawar wake da ta gyaɗa, waɗanda ake ɗaurewa a ajiye a kan rumfa ko bishiya tun kaka. Wanda ya sayi harawarsa da kaka ya huta, domin kuɗinta yakan hau sosai idan bazara ta matso.

Kuskuren da ya fi yawa a bargar masu hali shi ne cika wa doki hatsi. Mai doki yana so a ga dokinsa ya yi ƙiba yana sheƙi, sai a zuba masa gero ko dawa tiya guda a ci ɗaya. Idan hatsi ya fi ƙarfin ƙaramin hanji, ragowar takan wuce babban hanji ta yi tsami, ta kashe halittun da suke narkar da ciyawa. Daga nan ciwon ciki yake tasowa, ko kuma kumburin cikin kofato, wanda ke sa doki ya tsaya yana miƙa ƙafafun gaba yana jingina nauyinsa baya saboda zafi. Dokin da wannan ciwo ya kama da ƙarfi da wuya ya koma yadda yake. Ga doki ɗan ƙasa, bai kamata hatsin ci ɗaya ya wuce kilo ɗaya da rabi ba, kuma ya fi kyau a raba na yini gida biyu ko uku, a fara ba shi ciyawa kafin hatsin. Dokin da ba ya aiki kuwa hatsi kaɗan ya ishe shi, wani ma harawa mai kyau kaɗai ta wadatar.

Dusa ma tana da nata sharaɗin. Sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, na kalsiyam mai gina ƙashi kuma ya yi mata kaɗan. Dokin da aka daɗe ana ciyar da shi dusa zalla ƙasusuwansa sukan yi laushi, fuskarsa ta kumbura, ya riƙa ɗingishi ba tare da an ga rauni ba. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam mai yawa, don haka tsohuwar al'adar haɗa dusa da harawa tana da hikima a cikinta, kuma bai kamata a yar da ita ba don tsadar harawa. Kanwa da ake jiƙawa a ruwa tana sa doki shan ruwa, amma yawanta yana kawo zawo, kuma ba ta ɗauke buƙatar gishiri. Doki yana zubar da gishiri mai yawa a gumi, musamman a watannin Maris zuwa Mayu.

Akwai abubuwan da ba a kai su kusa da bakin doki ko kaɗan. Masara ko harawar da ta yi hunhuna tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa ko hanta. Ɗanyen gyauron dawa yana ɗauke da guba. Abincin kajin gona sau da yawa ana sa masa wani magani mai suna monensin, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa yake lalata zuciyar doki. A cikin gari kuma ga leda, wadda doki mai yunwa yake haɗiyewa ta toshe masa hanji. Haka nan zuba hatsi a ƙasa mai yashi yana sa yashi ya taru masa a ciki sannu a hankali, shi ya sa akurki ko rabin gangar da aka goge bakinta ya fi. Duk wani sauyin abinci, kamar daga harawa zuwa ɗanyar ciyawar farkon damina, ana yin sa ne a hankali cikin mako guda zuwa kwana goma.

Ruwa kuwa doki yana shan lita 25 zuwa 50 a yini, ya fi haka a lokacin zafi. Shayar da shi sau biyu a rana, kamar yadda aka saba a wurare da yawa, ya yi kaɗan ga dabbar da take cin busasshiyar harawa. Ƙarancin ruwa yana daskarar da abinci a hanji. Abin da ya fi shi ne a bar ruwa mai tsabta a gabansa dare da rana, a inuwa.

Alamomin ciwon ciki sanannu ne: doki ya ƙi abinci, ya riƙa tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi, yana birgima da gumi, kashi ya tsaya. Idan aka ga haka a ɗauke abinci, a riƙa jan sa yana tafiya a hankali, a kira likitan dabbobi ba tare da jira ba. Ɗura masa mai ko jiƙo da ƙarfi, balle ta hanci, yana da haɗari, domin idan ya bi ta maƙogwaron iska ya shiga huhu maganin ya fi ciwon kisa.

Turke, kofato da fata

Al'adar ɗaure doki a turke da igiya a ƙafa ta dace da gidan da ba shi da fili, amma tana da illa idan ta zama dare da rana. Igiyar roba tana cin fatar dantse ta bar gyambo, don haka ana naɗe ta da tsumma mai laushi ko a yi amfani da ta auduga, a kuma riƙa sauya ƙafa. Ya kamata igiyar ta ba shi damar kwanciya, domin ko da yake doki yana gyangyaɗi a tsaye, barci mai nauyi sai ya kwanta. Wurin yana buƙatar rumfa, da ƙasa mai ɗan gangara don fitsari ya wuce, da kwashe kashi safe da yamma. Tsayuwa cikin danshin fitsari tana ruɓar da tsakiyar kofato ta yi wari.

Kofato yana tsirowa kimanin milimita 6 zuwa 10 a wata, don haka ana gyara shi duk mako 6 zuwa 8, ana kuma ɗaga shi kullum a cire tsakuwa da ƙusa. Yawancin dawakin ƙasar Hausa ba a sa musu takalmin ƙarfe, kuma a kan yashi ba su buƙata. Kwalta ce take cinye kofato, ga kuma santsi.

Goge jiki kullum ba don ado kaɗai ake yi ba, a nan ne ake gano kaska a ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne da tsakanin cinyoyi. Kaska tana kawo zazzaɓin da ke fasa jini, ido ya yi rawaya, doki ya rame. A nan akwai gargaɗi mai muhimmanci: maganin kaskar shanu mai ɗauke da amitraz guba ne ga doki, yana tsayar masa da hanji. Rauni kuma ana wanke shi da ruwan da aka tafasa ya huce, da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita. Baƙin mai na mota da toka da ƙona wuri da ƙarfe mai zafi duk suna ƙara lalata nama. Doki yana cikin dabbobin da cutar sarƙewar haƙora ta fi saurin kamawa ta hanyar rauni, kuma allurar rigakafinta tana aiki sosai.

Yana da amfani mai doki ya san ma'aunin lafiya. Zafin jikin babban doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16. Sabon doki da aka sayo ana ware shi mako biyu zuwa uku kafin a haɗa shi da na gida. Murar dawaki da ta ɓarke a jihar Sakkwato a ƙarshen 2018, aka kuma gan ta a Nijar da wasu ƙasashen yankin a 2019, ta kashe jakuna da dawaki masu yawa, kuma ta hanyar cuɗanya a kasuwa da mashaya irin wannan cuta take yaɗuwa.

Sirdi, linzami da hawa

Ƙasusuwan doki, musamman na gadon baya, ba sa gama ƙosawa sai ya kai shekara 5 zuwa 6. Ana iya fara saba wa duƙushi da ragama da ɗaga ƙafa tun yana ƙarami, a ɗora masa sirdi wajen shekara 3, amma sukuwa da nauyi sai daga baya. Nauyin da ya dace da doki bai wuce kashi 20 cikin ɗari na nasa ba, wato kusan kilo 70 ga doki mai kilo 350, har da sirdi da kayan ado. Sirdin gargajiya mai ƙwarangwal na itace yana da nauyi, kuma idan bai zauna daidai ba yana cin doron doki. Shimfiɗar ƙarƙashinsa tana buƙatar kauri da tsabta. Farin gashi da ya fito a doron dokin da ba fari ba shaida ce ta tsohon cin sirdi. Majayi ana ɗaure shi ne a hankali, a ja dokin 'yan taku, sannan a ƙara matsewa kafin a sa ƙafa a likkafa.

Linzamin gargajiya mai zobe da harshen ƙarfe yana da ƙarfi ƙwarai. Shi ne yake ba mahayi damar tsayar da doki cak daga sukuwa a gaban sarki. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa, a hannun ɗan koyo kuwa yana yanka harshe da dasashi. Jini a bakin doki bayan hawa aibin mahayi ne, haka ma jini a haƙarƙari daga ƙaimi. Mai koyo ya fi dacewa da linzami mai sauƙi da doki mai shekaru wanda ya natsu, kuma ya koyi daidaita zamansa da cinya da dugadugai maimakon rataya a jikin kamazuru. Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, don haka ana tunkarar sa ta kafaɗa ana yi masa magana, yara kuma a hana su gilmawa ta bayansa. Hular kwano, wadda 'yan folo suke sawa dole, ta dace da duk mai kilisa ko sukuwa, musamman a kan kwalta.

Babban abin da ke karya dawaki a lokacin Sallah shi ne rashin kilisa. Dokin da ya yi watanni a turke yana cin hatsi, aka wayi gari aka hau shi awa biyar cikin rana da sukuwa, naman bayansa da cinyoyinsa yana iya ɗaurewa, ya kasa ɗaga ƙafa, fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi. Idan haka ta faru ba a tilasta masa tafiya, domin ƙoda tana cikin haɗari. Rigakafinsa shi ne a riƙa fita da shi kullum ko kusan kullum, da sassafe ko da la'asar sakaliya, a fara da tafiya ta minti 10 zuwa 15 kafin sassarfa, a kuma ƙara aikin kaɗan-kaɗan tun mako 6 zuwa 8 kafin hawa. Ba a hawan doki sai an yi aƙalla awa guda da cin hatsi. Bayan an dawo ana sassauta majayi, a ja shi yana tafiya har numfashinsa ya daidaita, a kwarara masa ruwa a wuya da ƙirji da ƙafafu, a ba shi ya sha, hatsi kuma sai ya huce sarai.

Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa kusan duk tsawon rayuwarsa, gefensu yana yin kaifi yana yanka kunci. Dokin da yake zubar da abinci daga baki, ko ake ganin ƙwayar hatsi sukutum a kashinsa, yana buƙatar a goge masa haƙora, kuma duba su sau ɗaya a shekara ya isa ga yawancin dawaki. Dokin da ya samu irin wannan kulawa yakan kai shekara 25 zuwa 30, kuma ana iya hawansa har ya haura shekara 20.