Falke: Jirgin Shawagi Mai Inji da Kujeru Biyu

Jirgin shawagi shi ne wanda ba ya da inji, sai dogayen fukafukai. Yana hawa ne a kan iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa, kamar yadda ungulu ke yi da hantsi. Amma ba ya iya tashi da kansa. Sai an ja shi da igiya, ko wani jirgi ya janye shi sama, kuma in iskar ta yanke wa matuƙi, dole ya sauka a duk filin da ya samu. Ga mai koyon tuƙi wannan babbar matsala ce, domin yakan yini yana jiran tashin da ba ya wuce 'yan mintoci.

Wannan ce matsalar da Egon Scheibe, wani maƙerin jirage na garin Dachau a Jamus, ya fuskanta. Ya ɗauki fasalin jirginsa na shawagi mai suna Bergfalke, ya ɗora masa ƙaramin inji da farfela a goshi, ya jera kujeru biyu kafaɗa da kafaɗa don malami ya ga hannun ɗalibinsa. Jirgin, watau SF-25, ya fara tashi a 1963. Sunansa Falke bai shafi falken fatauci ba; da Jamusanci shaho ake nufi.

Wuyar aikin tana wajen nauyi. Inji yana da amfani lokacin tashi, amma da zarar an kashe shi a sama ya zama kaya. Saboda haka aka yi gangar jirgin da siraran bututun ƙarfe da aka lulluɓe da yadi, fukafukai kuwa da katako. Duk da haka injin farko ya yi rauni. A 1967 aka fito da SF-25B: aka sauko da fukafukan ƙasa, aka sa inji mai ƙarfin doki 45 da aka samo daga na motar Volkswagen, wadda Hausawa ke kira Boswaja.

Ba a sami wannan sauƙi kyauta ba. In an kashe inji, Falke kan ci kimanin mita 22 gaba kafin ya sauko mita ɗaya, alhali nagartattun jiragen da ba su da inji kan wuce 30. Makarantun tuƙi sun yarda da wannan ragi, har kamfanin Slingsby na Ingila ya karɓi izinin ƙera shi, aka riƙa horar da matasa 'yan kadet na sojan sama a cikinsa.