Yadda Iska Ke Tuƙa Jirgin Ƙasa Na Wasan Yara

Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san iska tana da ƙarfi. In ya toshe bakin famfo da yatsa ya danna, zai ji hannun famfon yana turo shi baya. Da wannan ƙarfi ne wasu masu hikima a Turai da Amurka suke tuƙa ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa da suke haɗawa da bulon roba na wasan yara, ba tare da fetur ko batir ba.

Asalin Bulon

Sunan wannan bulo Lego. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ne ya kafa kamfanin a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932, yana yin kayan wasa na katako. A 1949 suka fara yin bulon roba, a 1958 kuma suka yi rajistar irin wanda ake amfani da shi har yau, mai 'yan ƙullutu a sama da rami a ƙasa, yadda ɗaya zai kama ɗaya ba sai da gam ba. A 1984 suka ƙara da kayan da ke aiki da iska.

Kayan Aiki

Ban da bulo da ƙafafu, mai haɗa jirgin yana bukatar famfo, da tankin tara iska, da siraran tiyo, da bawul, da silinda. Silinda kamar sirinjin allura take: bututu ne mai fistan a ciki, da sanda da ta fito waje. Tana da ƙofa biyu. In iska ta shiga ta ƙofar baya, sandar ta fito. In ta shiga ta ƙofar gaba, sandar ta koma. Bawul kuwa yana da ɗan hannu, shi ke zaɓar ƙofar da iska za ta bi.

Yadda Ƙafa Ke Juyawa

Silinda gaba da baya kawai ta iya, amma ƙafar jirgi juyawa take yi. Don haka sai a ɗaura sandar silinda a jikin wata ƙusa da ke gefen ƙafar, ba a tsakiyarta ba. In sanda ta tura, ƙafa ta yi rabin zagaye. In ta jawo, ƙafa ta ƙarasa sauran rabin. Haka keken ɗinki ke aiki: tela yana taka faifai sama da ƙasa, babban wili yana juyawa.

Ba mutum ne ke ta kaɗa hannun bawul ba. Ana haɗa shi da sandar ƙafafun ta wata 'yar sanda, yadda juyawar ƙafa za ta sauya wa iska ƙofa daidai lokacin da fistan ya kai ƙarshe. A nan gwaninta take. In bawul ya yi gaggawa ko ya makara, sai jirgi ya tsaya yana huci, ko ya ja da baya.

Dalilin Silinda Biyu

Kowane tela ya san akwai inda faifai ke cijewa, komai taka shi ba ya motsi sai an tura wili da hannu. Wannan na faruwa ne in sanda ta miƙe tsaf da tsakiyar wili. Jirgi mai silinda ɗaya ma haka yake cijewa. Maganinsa shi ne a sa silinda biyu, dama da hagu, a kuma bambanta ƙusoshinsu da rubu'in zagaye, wato digiri 90. In ta dama ta cije, ta hagu tana tsakiyar ƙarfinta, sai ta fitar da 'yar'uwarta. Ta haka jirgi zai tashi da kansa ko a ina ya tsaya.

Sauran matsaloli sanannu ne. Bawul ɗin Lego yana da tauri, yana cin ƙarfi da yawa. In gindin jirgi bai ƙarfafa ba, silinda za ta ɓamɓare bulon maimakon ta juya ƙafa. Tanki kuma ƙarami ne, iska ba ta jimawa, shi ya sa wasu ke haɗa doguwar tiyo daga famfo zuwa jirgin.

Ba Wasa Kaɗai Ba Ne

Wannan tsari shi ne na jirgi mai tururi. Kan jirgin nan mai suna Rocket, wanda Robert Stephenson ya ƙera a Ingila a 1829, silinda biyu gare shi. Jirgin da ya fara isowa Kano a 1911 ma tururi ke tuƙa shi: a hura wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura fistan. A ramukan haƙar ma'adinai kuwa, inda tartsatsi kan jawo gobara, an yi amfani da kan jirgi na gaske mai matsattsiyar iska. Kamfanin H. K. Porter na birnin Pittsburgh a Amurka ya ƙera su da yawa.

Lego yana da tsada, kuma ba kasafai ake ganinsa a kasuwannin ƙauye ba. Amma yaron da ya iya motar kara ko ta langa-langa zai iya gwada dabarar da sirinji biyu da guntuwar tiyo: ya danna ɗaya, ɗayan ya motsa. Gani ya kori ji. Sai dai iyaye su tabbata sirinjin sabo ne daga kemis, kuma an cire allurar. Kada a bar yara su tsinto na bolar asibiti, domin yana iya ɗauke da ciwon hanta ko ƙanjamau. A kuma nisanta ƙananan bulo daga jarirai, kada su haɗiye.