Tsoron Allah da Ƙaunarsa a Wajen Yahudawa

Almajirin zaure a Gumel ko Maigatari da ya karanci babin tsoro da ƙauna a littattafan tasawwufi zai ji zancen malaman Yahudawa ba baƙo ba ne a kunnensa. Su ma sun ɗora ibada a kan waɗannan biyun.

Wajen shekarar 1080, a Andalus, Bahya ibn Paƙuda ya rubuta Al-Hidaya ila Fara'id al-Ƙulub da Larabci. Ya ɗebo da yawa daga Sufayen Musulmi, ya kasa littafin babi 10, ya ajiye ƙaunar Allah a ƙarshe, domin a ganinsa sai zuciya ta wanku da tawakkali, ƙanƙan da kai da tuba kafin ta kai can.

Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya bi ta wata hanyar. A wajensa, wanda ya natsu ya dubi halitta zai kamu da son Mahaliccinta, nan take kuma ya ga ƙanƙantar kansa ya ja da baya. Wannan tsoron na ganin girma ne, ya fi na gudun azaba daraja.

A aikace kuwa, Bayahude mai ibada yakan karanta ayoyin Attaura na ƙaunar Allah safe da dare, ya kuma yi azumin kusan sa'o'i 25 ranar Yom Kippur, wato ranarsu ta tuba da neman gafara.