'Yan Ci-rani, Kada Mu Jira Sai Ta Ɓaci

Kwandon tumatirin da aka ɗora wa mota a Kwanar Gafan, sau da yawa ɗan Kura ko Bunkure ko Dawakin Kudu ne zai sauke shi a kasuwar Mile 12 ta Legas ko Sasa ta Ibadan. Tun da ruwan madatsar Tiga ya fara bin magudanan Kadawa a shekarun 1970, noman rani ya ƙara buɗe wa matasanmu hanyar kudu: wasu dillanci, wasu dako, wasu tura baro.

A can baƙo ba ya rasa masauki. Maigida ne ke ba shi wurin kwana, ya tsaya masa wajen ciniki, ya ajiye masa kuɗinsa. In rigima ta taso a garzaya wurin Sarkin Hausawa, kamar yadda aka saba a unguwar Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916. In an yi rasuwa, a yi karo-karo a ƙofar masallaci, a sayi likkafani.

Sai dai yawancin taimakon nan sai abu ya faru ake tunawa da shi. A rikicin Sasa na Fabrairun 2021 rumfuna sun ƙone ƙurmus, mutane da dama suka dawo gida hannu Rabbana. Karo-karon yini ɗaya ba ya mayar da jarin shekaru.

Mutanen Meziko mazauna Amurka sun gane haka. 'Yan gari ɗaya kan kafa ƙungiya, suna zubi a kai a kai. Abin ya yi ƙarfi har a 2002 gwamnatin ƙasarsu ta ɗauki wani tsari da ya faro daga jihar Zakatekas: duk abin da ƙungiya ta tara don aikin gari, tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowacce ta ba da kwatankwacinsa. Da haka aka yi hanyoyi, aka kai ruwan sha, aka gyara makarantu.

Mu ma ai mun san adashi da aikin gayya. Rubutu da tsari muka rasa. A buɗe rajistar 'yan gari. A yanka zubin mako daidai ƙarfin ɗan dako. A ajiye kuɗin a banki, kada a cire sai mutum uku sun sa hannu. Idan an dawo gida da sallah, a karanta lissafi a bainar jama'a. Daga asusun a biya wa mara lafiya magani, a tayar da wanda jarinsa ya karye, a kuma yashe magudanar da kacalla ta toshe.

Shugabannin kasuwa da masu unguwanni, ku kira zama kan wannan tsari tun kafin kakar tumatir ta kama.