Jujin Alƙahira da ya koma lambu

Kusan shekara 500 mutanen Alƙahira suka yi suna zuba shara a bayan ganuwar gabas ta tsohon birni, a wani wuri da ake kira Darrasa. Toka, ɓaraguzan gini, fasassun tukwane, duk can ake kai su, har jujin ya zama tsauni ya haɗiye ganuwar kanta. Da iska ta taso sai ƙura ta lulluɓe Darbul Ahmar, unguwar talakawa da ke maƙwabtaka da Masallacin Azhar, inda ɗalibanmu ke zuwa neman ilimi.

A 1984 Aga Khan, shugaban Isma'iliyya, ya halarci wani taro kan bunƙasar birnin, ya yi alkawarin ba Alƙahira kyautar lambu. Da aka nemi fili, sai aka tsaya a kan wannan bola mai faɗin hekta 30. Aikin bai kankama ba sai bayan shekara goma da ɗoriya, domin hukuma ta riga ta tsara kafa manyan tankunan ruwan sha guda uku a wurin. Aka gina su, aka rufe, aka ɗora lambun a kansu.

Tipa ta yi sawu kusan 80,000 tana kwashe datti. Ana cikin tono sai ga sassaƙaƙƙun duwatsu a jere. Ashe ganuwar zamanin Salahuddin Ayyubi ce, ta ƙarni na 12, kusan kilomita ɗaya da rabi, da ƙofofinta da hasumiyoyinta. Sharar da ta binne ta ita ce ta adana ta. Aka koya wa samarin unguwar sassaƙar dutse, suka sa hannu a gyaranta. Ƙasar wurin kuwa gishiri ya yi mata yawa, dole aka shimfiɗa sabuwa, aka reni tsirrai a wani gandu kafin a dasa. An buɗe Lambun Azhar a 2005, bayan ya ci dala miliyan 30.

Mu ma muna da irin waɗannan wurare. Duk wanda ya bi titin arewa na Togo, daga Sotouboua zuwa Sokodé har Dapaong, zai ga ramukan da aka haƙi marmara aka watsar. A Kano kuma kududdufai ake cikewa da shara a yanka filoti. Ba mu da aljihun Aga Khan, amma darbejiya ba ta da tsada. Magadan gari, kafin ku yanka rami na gaba, ku bar wa yaran unguwa guda ɗaya ya zama lambu.